Kiwon Murjani Mai Rai a Katsina: Wuta, Zafi, da Irin da Ya Dace Ka Fara da Shi

Sana'ata haɗa sola ce, kuma ta wannan ƙofar na shiga kiwon murjani. Baƙon da ya shigo falona a Ƙofar Ƙaura ya ga tankin gilashi yakan fara tambaya ko furannin roba ne, daga nan sai ya ce nawa zai kashe ya yi irinsa. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, kuɗin murjanin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. A garin nan wuta da zafi da ruwa su ne ke yanke hukuncin ko abin da ka saya zai rayu. Wanda ya gyara waɗannan uku, sannan ya zaɓi murjani mai haƙuri, zai ji daɗin abinsa shekara da shekaru. Wanda kuma ya fara da zaɓen launi, bazara ɗaya ta ishe shi.

Murjani dabba ne. Idan ka matsa kusa za ka ga ƙananan bakuna, kowanne zagaye da 'yan hannuwa, suna zaune a jiki ɗaya. A cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, sunanta zooxanthellae. Ita ke karɓar haske ta haɗa abinci ta ba shi, shi kuma ya ba ta mazauni. Da zarar ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba, sai zaman ya lalace, murjanin ya kore ta, ya koma fari fat, ya shiga yunwa. Digiri ɗaya kacal sama da zafin da teku ya saba kaiwa, in ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. Shi ne abin da ya afka wa babban tudun murjani na Ostireliya a 2016 da 2017 da 2020, kuma a watan Afrilun 2024 hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan komawar murjani fari fat. To, abin da ke kashe shi a teku shi ne zai fara neman kashe shi a falonka. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya kuwa wani iri ne daban, daga Bahar Rum ake ciro shi, ba shi ake kiwo a gida ba.

Wuta tukuna

Tankin murjani ba ya hutu. Ruwan dole ya riƙa motsi dare da rana, domin motsin ne ke shigar da iska cikinsa, shi ke kai wa murjani abinci, ya kwashe masa ƙazanta. Fitila za ta iya mutuwa kwana biyu ko uku ba a yi asara ba. Famfo kuwa in ya tsaya awoyi kaɗan a ɗaki mai zafi, kifi ne zai fara haki a saman ruwa, murjani ya biyo baya. Saboda haka kada ka ɗora tankinka a kan wutar gari ko janareta da ake tayarwa bayan magariba. Ka ware masa layinsa a kan inbata.

Ga lissafin yadda nake yi wa mutane. A tanki mai lita 120, famfon da ke juya ruwa da ƙaramin famfon da ke kaɗa igiyar ruwa, in ka sayi na zamani masu aiki da wutar DC, su biyun ba su cika wuce wat 30 ba. Wat 30 sau awa 24 ya ba ka wat-awa 720. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya daɗe. Kenan batir ɗaya zai riƙe famfunan yini da kwana, da ɗan saura. Fitilar LED mai wat 50 zuwa 60 ka saita ta ta ci da rana lokacin da faifan sola ke kawo wuta. Abin da ke cinye batir da gaske hita ce da na'urar sanyaya ruwa, kowacce tana iya jan wat 100 zuwa 200. Ka sa su cikin lissafi tun farko. Sannan ka ajiye ɗan injin iska mai amfani da batirin tocila a durowa, domin inbata ma tana lalacewa.

Ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba, kuma feshinsa yana bushewa ya bar gishiri a kan duk abin da ke kusa. Ka ɗaga soket sama, ka manna shi a bango, kada ka bar shi a ƙasa bayan tanki. Kowace waya ka bar ta ta sauko ƙasa da soket kafin ta hau ta shiga, don in ruwa ya bi ta ya ɗiga a ƙasa. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka abin da ke katse wuta da kansa in ta zurara, ya kuma tabbatar gidan yana da waya ta ƙasa mai aiki. Gidaje da yawa da nake shiga aiki ba su da ita.

Zafi

Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. A 28 ka fara sa ido. Daga 30 zuwa sama ana cikin haɗari. Mu kuma a Afrilu da Mayu zafin waje yana haura 40, ɗakin da ke da rufin kwano ba silin mai kyau yana riƙe zafin har tsakar dare. A Disamba da Janairu kuma daren hunturu yana sauka ƙasa da 15. Kenan tanki ɗaya yana bukatar sanyi a wata huɗu ko biyar, yana bukatar ɗumi a wata biyu ko uku.

Fara da zaɓen ɗaki. Ka guji bangon da ranar yamma ke duka, ka guji gaban taga. Ɗakin da ke tsakiyar gida, mai kaurin bango, shi ya fi. Daga nan sai fanka. Ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, in ka ɗaura ta a bakin tanki tana hura saman ruwa, tana iya sauke zafin da digiri biyu zuwa uku. Yadda randa ke sanyaya ruwa ne: abin da ya tashi ya bi iska yana tafiya da zafi. A nan busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu ta yi mana rana, domin fanka ta fi aiki a Katsina a kan yadda take yi a Legas. Amma ba na ɓoye wa kowa, a tsakiyar bazara fanka kaɗai ba ta cika isa ba. Ko dai ɗakin ya kasance da na'urar sanyaya ɗaki, ko ka sayi na'urar sanyaya ruwan tanki. In ka sayi ta biyun, ka sani zafin da ta cire daga ruwa cikin ɗakin take zubawa, don haka kada ka kulle ta a cikin kabad. Ka kuma riƙa ajiye gorunan ruwa biyu ko uku a firiza, a rufe gam. Ranar da abu ya ɓaci sai ka sa ɗaya ta yi iyo a tanki, in ta narke ka canza. Kada ka sauke zafin gaba ɗaya, saukar gaggawa ma tana jigata shi.

Shawarar da na fi ba wa muhimmanci ita ce wannan: ka cika tankinka a Fabrairu ko Maris, ka bar shi ya ratsa bazara da duwatsu da ruwa kawai. Ka sa ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna bayan asuba da bayan la'asar. In ka fito daga Mayu littafinka bai nuna sama da 28 ba, kuma tazarar safe da yamma ba ta wuce digiri ɗaya ko biyu ba, to ka shirya. In ya nuna 31, ka gode wa Allah da babu rai a ciki, ka gyara.

Ruwa da gishiri

Ruwan famfo yana da kulorin. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da abin da ƙasa ta ba su, wani lokaci har da naitiret, sinadarin da ke fitowa daga ruɓaɓɓiyar ƙazanta, mai yawa in akwai masai kusa. Fiya wata ba ka san da me aka tace shi ba. Duka ukun ba na tanki ba ne. Abin da ake amfani da shi shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO, sannan ya bi ta ƙwayoyin DI da ke kwashe ragowar ma'adinai. Akwai ɗan ma'auni kamar alƙalami, na TDS, wato mai auna yawan ma'adinan da suka narke, da ake tsomawa a ruwa: in ya nuna sifili ko kusa da shi, ruwan ya yi. Matatar tana zubar da ruwa fiye da wanda take bayarwa, kuma wanda ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa zai ji wannan a aljihunsa. Ni ina tara wanda ta zubar a yi wanki da ban-ruwan shuka.

Gishiri kuma na musamman ne, wanda aka haɗa don tankin teku, yana ɗauke da kalsiyam da magnesiyam da sauran abin da ke cikin ruwan teku. Gishirin miya, ko na Bilma, ko kanwa, babu wanda zai maye gurbinsa. Ana zuba kimanin giram 35 zuwa 40 a kowace lita, amma kada ka dogara da awon cokali. Ka sayi rifraktomita, wato madubin auna gishiri, ka nemi 1.025 zuwa 1.026. Kullum ruwa ake fara zubawa a bokiti sannan gishiri, a bar famfo ya juya shi har ya washe. Tanki mai lita 120 zai ci kusan kilo huɗu da rabi a cikon farko, sannan kusan kilo biyu duk wata. Ka tabbatar kana da hanyar samunsa kafin ka fara, kuma kada buhunka ya kai ƙarshe kafin ka yi odar wani.

Ga wani abu da sababbi ke tuntuɓe a kai. Ruwan da ya tashi ya bi iska bai tafi da gishiri ba, gishirin yana nan a tanki. Don haka in ruwa ya ragu, da ruwan RO zalla ake cikawa, ba na gishiri ba. Da hunturu, ko lokacin da fanka ke aiki, tanki yana iya rasa lita biyu ko uku a yini. Ka ja layi da maka a jikin gilashi, ka riƙa cikawa zuwa layin safe da yamma. In da hali ka sayi ɗan famfon da ke cikawa da kansa, a yanayinmu yana cikin abin da ya fi cancantar kuɗinsa.

Game da girman tanki, ƙarami ya fi araha amma ya fi wahala, domin ruwa kaɗan yana saurin zafi, yana saurin canza gishiri. Lita 100 zuwa 150 ya dace da mai farawa. Da ruwa da dutse da gilashi nauyinsa ya haura kilo 150, saboda haka teburin falo ba zai ɗauka ba. In maƙeri zai yi maka mazauni na ƙarfe, a shafe shi da fenti sosai, gishiri ba ya ga maciji da ƙarfe.

Dutse da yashi ma na teku ake sawa, ko busasshen dutsen murjani da yashin aragonait. Marmara da yashin gulbi ba su dace ba. Bayan ka cika, ka jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, ka zuba bakteriyar kwalba in ka samu, don a raini bakteriyar da za ta riƙa cinye ƙazantar ruwan. In kana gwada ruwan za ka ga amoniya, gubar da ruɓar ke fitarwa, za ta hau ta sauka, naitirait ta hau ta sauka, sai naitiret ta bayyana. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Wata gansakuka ruwan ƙasa za ta rufe dutse da yashi, ta tafi da kanta. Sai amoniya da naitirait sun koma sifili ake maganar sa rai.

Waɗanda za ka fara da su

Murjani iri biyu ne a dunƙule: mai taushi, da mai ƙashin dutse. Mai farawa a Katsina ya tsaya kan mai taushi. Ba ya bukatar haske mai ƙarfi, ba ya zuƙe kalsiyam da sauri, kuma yana yafe ƙananan kurakurai. Zan kira su da sunayen da masu sayarwa suka sani, don ka iya nema.

Na farko a wurina Discosoma ne da ɗan'uwansa Rhodactis, masu siffar faifai, waɗanda 'yan kasuwa ke kira mashirum. Akwai ja, akwai shuɗi, akwai kore mai zane. Suna son ƙasan tanki, inda haske ya yi laushi, ruwa kuma ba ya bugu. In sun ji daɗi sai su baje, in haske ya yi musu yawa sai su tsuke ko su saki dutsen su bi ruwa. Suna hayayyafa ta hanyar barin ɗan gutsuren ƙafa a kan dutse, gutsuren ya zama sabo. Da za a ce in zaɓi guda ɗaya tak ga wanda bai taɓa yi ba, shi zan zaɓa.

Na biyu Sarcophyton, mai kara da faffaɗan kai kamar laimar kwaɗi, wanda ake kira leda saboda jikinsa kamar fata. Shi ne zai zama babba a tankinka, don haka ka ba shi fili tun yana ƙarami. Yana da wata ɗabi'a da ke tsorata mutane: lokaci-lokaci sai ya janye hannuwansa duka, jikinsa ya yi sheƙi, ya zauna haka kwanaki, wani lokaci har mako guda. Ba mutuwa yake ba, tsohuwar fata yake zubarwa. Ka ƙara masa motsin ruwa ka ƙyale shi. Abin da ke nuna matsala ta gaske shi ne jiki ya yi baƙi yana zagwanyewa, yana wari. 'Yan'uwansa Sinularia mai yatsu da Capnella mai rassa haka suke da sauƙi. Duk danginsu suna sakin wasu sinadarai a ruwa don hana maƙwabta girma, shi ya sa ake sa gawayin tace ruwa na musamman a cikin jaka a inda ruwa ke wucewa, a canza duk wata. Gawayin girki ba ya wannan aikin.

Na uku Briareum, koren nan da ke shimfiɗa jikinsa mai launin shunayya a kan dutse, ya fito da korayen hannuwa suna kaɗawa. Ba na jin akwai wanda ya fi shi juriya, kuma juriyar ce matsalarsa: in ya taɓa babban dutsenka zai rufe shi, ya hau kan sauran murjani. Ka ba shi dutsensa shi kaɗai a tsakiyar yashi.

Xenia kuwa, wanda hannuwansa ke buɗewa suna rufewa da kansu, shi ya fi jan idon baƙi, kuma duk jerin da ake yi wa masu farawa yana ciki. Ni dai ba na ba da shawararsa a nan. Ba ya jure doguwar tafiya, yana narkewa da sauri in zafi ya tashi, in kuwa ya ji daɗi sai ya mamaye tanki. Ko ta wane ɓangare ka duba, wahala ce.

In tanki ya shekara lafiya, kana iya gwada masu ƙashi masu sauƙi, kamar Duncanopsammia da Caulastrea. A lokacin sai ka fara auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami, duk mako ka riƙe shi wajen 8 zuwa 9, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam wajen 1,300. Acropora mai rassa masu kyau, da Goniopora, da Tubastraea mai ruwan lemo da Dendronephthya waɗanda ba sa cin haske sai an ciyar da su a kai a kai, ka bar wa waɗanda suka daɗe.

Wanda nake roƙon ka bari

Akwai wasu ƙananan murjani masu kama da maɓallai, Zoanthus da Palythoa. Suna da launi mai ɗaukar ido, suna da araha, suna da sauƙin kiwo, kuma mai sayarwa zai fara nuna maka su. Wasu daga cikinsu, musamman Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, wadda ke cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai ne suka fara ware ta a 1971. Tana lalata ƙofar da ƙwayoyin jiki ke musayar gishiri ta cikinta, kuma har yau ba ta da makari. Likita zai taimaki numfashi da ƙoda ne kawai har jiki ya farfaɗo.

Tana shiga ta rauni a hannu, ta ido in murjanin ya feso ruwa, ta baki, kuma mafi muni ta numfashi. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto kan mutanen da suka kwanta a Alaska, wasu a shagon sayar da kayan tanki, wasu a gida. A cikinsu har da waɗanda ba su taɓa murjanin ba, iskar gidan kawai suka shaƙa. Yawancin irin wannan haɗari yana faruwa ne lokacin da aka fito da dutse daga ruwa aka goge shi da buroshi, ko aka zuba masa ruwan zafi, ko aka tafasa shi don a kashe abin da ke kai. Tururin ne ke ɗaukar gubar ya cika gida.

Da ido ba za ka bambance mai guba da marar guba ba. Gidajenmu kuma cike suke da yara, na gida da na maƙwabta, ga almajirin da ke taya aiki wanda za a iya cewa ya wanke bokiti. Saboda haka a gidana babu su, kuma ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya ɗauko su ba alhali ga mashirum da leda. Sai dai ka sani suna iya zuwa a maƙale jikin dutsen da ka saya don wani abu daban. Don haka dokokin nan na kowa ne. Duk lokacin da za ka taɓa murjani ko dutse, ka sa doguwar safar hannu da tabarau mai rufe gefe. In kana da rauni a hannu kada ka tsoma. Kada ka tafasa dutsen tanki, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka kankare shi a busasshe, kada ka shanya shi a tsakar gida. In kana son zubar da dutse mai irin waɗannan, ka kai shi waje a cikin ruwansa, ka jiƙa shi a bilic, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, ya kwana, sannan ka ɗaure a leda biyu. Bokiti da tawul da almakashin tanki su zama nasa shi kaɗai, kada su shiga madafa. Kada ka ja tiyo da baki.

In ruwan tanki ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, a tafi asibiti. In kuma bayan aiki a tanki wani a gidan ya ji ɗaci kamar na ƙarfe a baki, ko zazzaɓi, tari, ƙuncin numfashi, ciwon jiki, ko fitsari ya yi duhu, a buɗe tagogi, a fitar da kowa, a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya ko babban asibiti mafi kusa. Wannan wurin ka riƙe shi da kyau: alamomin sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro, kuma nan hankalin kowa zai fara zuwa. Kai ne za ka buɗe baki ka ce akwai murjanin teku a gidan kuma an taɓa shi. Ka rubuta sunan gubar a takarda ka manna a jikin kabad ɗin tanki, uwargida ta san inda take.

Saye da kawowa

Gaɓar tekun Nijeriya ba ta da tudun murjani, ruwan Neja da laka da ke kwarara cikinta ba su bari ba. Duk abin da za ka gani a hannun 'yan kasuwa a Legas ko Abuja daga waje ya fito, galibi Indonesiya da Ostireliya, ko kuma wani mai kiwo ne ya yanko daga nasa. Na biyun ya fi maka: ya saba da tanki, ya fi jure tafiya, kuma ba a fasa teku don kai ba. Duk murjani mai ƙashin dutse yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda Nijeriya ke ciki, ba a tsallaka iyaka da shi sai da takarda. In ɗan'uwa zai dawo daga Jidda, kada ka ce ya tsinko maka daga Bahar Maliya.

Ka nemi mai sayarwa ya turo bidiyon ainihin wanda zai ba ka, a ƙarƙashin farin haske, domin shuɗin haske yana ƙawata komai. Ka sayi ƙanana, biyu ko uku a karon farko. A turo ta jirgi a cikin akwatin kumfa, zuwa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua ko na Malam Aminu Kano ka je ka tarbo da kanka. Motar dare daga Legas ta yi nisa. Daga Maris zuwa Mayu kada ka yi oda ko an rage maka kuɗi.

Da isowa, ka rage hasken tanki, ka sa ledar ta yi iyo minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita. Ka juye murjanin a roba, ka tsoma shi a maganin wanke murjani gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar, ka ɗauraye a wani ruwan tanki, ka duba ƙarƙashinsa ko akwai ƙwai ko tsutsa ko Aiptasia, wata 'yar halitta mai kama da murjani mai harbi. Ruwan leda ba ya shiga tanki. Ka ajiye shi a ƙasa mako ɗaya ko biyu kafin ka matsar da shi inda zai zauna, ka manna da sufa gulu mai kauri, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da maƙwabcinsa. Daga nan ka cire hannunka. Yawan ɗagawa da sauya wuri yana hana shi kama dutse.

Zaman yau da kullum

Fitila awa takwas zuwa tara, a kan agogon da ke kunnawa da kashewa. Canjin ruwa kashi goma cikin ɗari duk mako ko mako biyu, sabon ruwan ya zo daidai da na tanki a gishiri da zafi. Naitiret tsakanin 5 da 15 ba laifi ba ne ga masu taushi, ruwan da ya yi tsabta fiye da kima ma yana ramar da su. Kifi biyu ƙanana, irin Amphiprion ocellaris mai ruwan lemo da fararen zane, sun isa su samar musu da abin da suke bukata. Da hunturu ka rufe tanki saboda hazo, da bazara ka sa raga don fanka ta yi aiki.

Sauran haɗarin daga cikin gida yake. Jan ƙarfe yana kashe murjani ko da kaɗan ne, saboda haka kan famfo na tagulla, da tsabar kuɗin da yaro zai jefa, da maganin kifi mai jan ƙarfe, duka a nesa. Fiya-fiya da maganin sauro na feshi da na kunnawa ba sa shiga ɗakin tanki ko kusa, rufe shi da zane ba ya hana su, tunda famfo na jan iskar ɗakin yana cusawa a ruwa. A sa raga a taga, a kwana a gidan sauro. Hannun da aka shafa wa mai ko turare ko sabon lalle ba ya shiga ruwa. Turaren wuta kuwa magana ce ta zama da uwargida a fahimci juna. A gidana kasko yana zagaya ko'ina ban da falon, in kuma za a yi baƙi a turara shi, sai a buɗe tagogi a sa sabon gawayi a tanki.

In za ka yi tafiyar Sallah ko ta aiki, ka ƙulla abincin kifi na kowace rana a 'yar takarda daban, ka cika jarkar ruwan RO ka rubuta a jikinta, ka nuna wa wanda zai kula layin da ke jikin gilashi da ma'aunin zafi da gorunan firiza. Ka ce masa in ma'auni ya kai 29 ko famfo ya yi shiru ya kira ka nan take, ko da tsakar dare ne.